Nau'in fatishin a sikirif ɗin tashin na'ura

Ka tambaye ni yadda sikirif ɗin da ke gudana lokacin da Linux ke tashi zai gane ko tsarin fayilolin fatishin, wato yankin faifai, ext4 ne ko NTFS, ya ajiye amsar a ma'ajiya (variable). Layi ɗaya ne, yaro:

FS=$(/sbin/blkid -p -o value -s TYPE "$DEV")

Wanda sai an gaya masa ba a barin sarari a gefen alamar =, ya koma sharar shago. Ka dubi -p ɗin nan: shi ke sa blkid, umarnin da ke gano nau'in fatishin, ya karanta faifan kansa maimakon tsohon bayanin da ya ajiye. Ka rubuta /sbin/ a cike, domin in cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ne ya tayar da sikirif ɗin, PATH ɗinsa, wato jakunkunan da yake neman umarni a ciki, /usr/bin da /bin ne kawai, ba zai ga blkid ba, FS ya fito fanko.

Amma haɗarin yana cikin DEV, ma'ajiyar da ke riƙe da sunan fatishin da za a duba. Akwai wani mai situdiyon ɗaukar bidiyon biki da muka haɗa wa kwamfutar ajiya. Yaron da ke hannuna a lokacin ya rubuta DEV=/dev/sdb1, ya ƙara cewa in FS ba ext4 ba ne, a gudanar da mkfs.ext4 -F, umarnin yin fomat, wai don sabon faifai ya shirya kansa. Wata takwas ba matsala. Ran nan mai situdiyo ya jona faifansa na waje, NTFS, terabayit 2, cike da bukukuwan da bai kai wa masu su ba. Aka ɗauke wuta, aka kawo, na'ura ta tashi da faifan a jone. Sunayen sda da sdb ba gado ba ne, wanda kanel, wato zuciyar Linux, ya fara gani shi ke samun harafin farko. Faifan wajen ya zama sdb. blkid ya faɗi gaskiya, ya ce ntfs. Sikirif ya ga ba ext4 ba, ya yi masa fomat, kuma -F ya hana a tambayi kowa. Bayan an hau shi (mount), ext4 ya ci gaba da rubuta teburan inode, inda yake ajiye bayanan fayiloli, a ɓoye, yana ƙara taka abin da ya rage. Kwana huɗu PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da suka ɓace, yana tono, ya fito da fayiloli ba suna ba jaka, manyan bidiyon kuwa rabinsu ba sa buɗewa. Mutumin da aka ce masa kada ya bar komai a jone, shi ne ya hana mu cikon kuɗin aiki, ya bi kasuwa yana cewa shagonmu na cin bidiyon amare. Kwastoma uku suka janye a watan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don haka ka kira faifai da abin da ba ya sauyawa: /dev/disk/by-id/ ko /dev/disk/by-partuuid/. Sa udevadm settle kafin layin, don a jira udev, mai rajistar na'urorin da aka jona, ya gama aikinsa, sannan ka tabbatar faifan yana nan da [ -b "$DEV" ], domin faifan USB kan makara. Ka duba lambar da blkid ya fita da ita: 2 na nufin bai gano komai ba, 8 na nufin ya ga alamu biyu masu karo da juna. A duka biyun sikirif ya rubuta saƙo a kundin na'ura da umarnin logger, sannan ya fita. Ka yi amfani da case, ka lissafa ext4, xfs, vfat, ntfs ɗaya-ɗaya, duk abin da ya saura, har da crypto_LUKS (faifan da aka kulle da sirri) da LVM2_member (wanda ke cikin rukunin LVM mai haɗa faifai), kada ya taɓa shi. mkfs kuwa ba shi da wurin zama a sikirif ɗin tashi, ko wa ya ce maka.

Ku yaran yanzu kuna kwafo lsblk -no FSTYPE daga intanet ku manna ba ku gwada ba. Yana aiki, amma daga bayanan udev yake ɗebo amsa, da farkon tashi yana iya ba ka fanko. findmnt kuma sai abin da aka riga aka hau yake nunawa, kuma NTFS da aka hau da direban ntfs-3g zai ce maka fuseblk. Lambar 83 ko 7 da fdisk ke nunawa lakabi ne a teburin fatishin, ba ta san abin da ke ciki ba. In kuma ƙaramar na'ura ce mai BusyBox, wato taƙaitattun umarnin Linux a manhaja ɗaya, blkid ɗinta bai san -o da -s ba, sai ka yanko TYPE da sed.

Je ka rubuta, ka jona filas biyu, ka kashe ka kunna sau goma kana sauya musu rami, sannan ka kawo in gani.