Abin da ya sa ban taya buhun takardun nan ba

Jiya a cikin adaidaita, muna dawowa daga gidan marigayin nan, ka tambaye ni me ya sa na wuce Alƙur'anin nan mai zayyana da jan tadarishi, na je na durƙusa gaban buhun takardun da aka jingine bayan ƙofa, sannan bayan duk ƙurar da muka sha na tashi ban taya komai ba. Ban ba ka amsa ba don mai adaidaitan ya kasa kunne, kuma ɗan unguwarsu ne. Yanzu da kasuwa ta lafa, jawo benci ka zauna, ɗana.

Alƙur'anin da ya ɗauke maka ido bugu ne. Hannu ne ya rubuta asalinsa, amma wanda ka gani inji ne ya fito da shi. Mutanen tsangaya ba su saba da bugun Masar ba, don ƙira'ar Hafsu ce da rubutun gabas, su kuwa Warshu suka sani, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Shi ya sa masu ɗab'i suka riƙa ba gwanayen rubutu irin su Sharif Bala na Gabari su rubuta da hannunsu, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai, falle-falle ba ɗinki, kamar dai yadda na hannu yake. In ya shekara arba'in cikin gafaka yana shan gumi da hayaƙi, wanda bai sani ba sai ya rantse alaramma ne ya zauna ya rubuta shi.

Ga yadda za ka raba su. Alƙalamin kara in an tsoma shi a tawada, kalmomin farko sukan fito baƙi wuluk, sai su riƙa dusashewa har a sake tsomawa. Bi layi ɗaya da ido, za ka ga inda mai rubutu ya ɗaga hannu. Bugu kuwa baƙinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Sannan dubi jan wasali da ɗigon hamza mai ruwan ɗorawa: a bugu kowane launi dabam inji yake ɗora shi, to sau da yawa za ka tarar jan ya goce gefe, duk shafin ya goce tare, daidai wa daida. Hannun mutum ba ya yin kuskure iri ɗaya sau ɗari a shafi guda. Na jiya jansa ya zame wajen dama, daga tsaye na hango. Abu ne mai daraja, a karanta a samu lada, amma irinsa suna nan jibge a Kurmi. Af, kuma na ji ka ce wa yaron gidan "nawa za a sayar". Ba a sayen Alƙur'ani, fansarsa ake yi. Tsofaffi suna lura da bakin mutum kafin su buɗe masa adaka.

Buhun kuwa, ka ga na zaro falle ɗaya na fita tsakar gida na ɗaga shi ga rana kamar mai duban takardar dubu ɗaya ko jabu ce. Kusan hakan ne. Takardar da kakanninmu suka yi rubutu a kai ba a nan ake yin ta ba. Mafi yawanta daga Italiya take, daga masana'antun da ke kewayen Benis, musamman na gidan Galvani a Pordenone. Jirgin ruwa ya sauke ta a Tarabulus ko Masar, raƙuma su ratso hamada da ita, fataken Gadamas su kwance ta a nan Kano. Dandalin Turawa da kake wucewa kullum unguwarsu ce, don a da Larabawa ake kira Turawa. Wannan takarda tana da tambari a cikin jikinta wanda ba ka ganinsa sai haske ya ratsa: jinjirin wata uku a jere, babba, matsakaici, ƙarami. Wani lokaci ka ga wata mai fuskar mutum cikin garkuwa, ko haruffan boko biyu, AG ko VG, na masu masana'antar. Za ka kuma ga layuka sirara a matse, da wasu masu tazara da suka gitta su, sawun rariyar da aka tace takardar ne. Kada ka duba falle ɗaya ka ce babu. Babbar takardar ninka ta ake yi a yanka huɗu ko takwas, saboda haka tambarin yakan faɗo a falle ɗaya cikin da yawa, kuma sau tari a bakin yanka. Na jiya wata ɗaya da rabi na gani a gefe, ragowar yana wani fallen.

To amma kada wata uku ya ruɗe ka. An daɗe ana yin ta, har farkon ƙarni na 20 tana shigowa, kuma malami kan ajiye farar takarda shekaru kafin ya rubuta. Abin da take gaya maka shi ne kayan sun kai a zauna a duba su. Ba ta ce zamanin Shehu ba ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kaya suka koma zuwa ta kudu, takardar inji ta Ingila ta cika gari, mai santsi, daga baya har mai layi irin ta 'yan makaranta. In ka ga layi shuɗi a ƙarƙashin rubutu, ko da mai kayan ya dafa littafi ya ce na kakan kakansa ne, ka yi masa shiru kawai.

Daga takarda sai tawada. Ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na wanke ta. Ta littafi, yambari, da bagaruwa da kashin maƙera ake dafa ta, tana kama takarda, in ta tsufa sai ta juya ƙasa-ƙasa, wani wuri ma ta ci takardar har harafi ya huje. Ja mai ƙyalli ko shunayya mai ɗaukar ido kuwa garura ce ta kanti, ba tsohon haɗi ba. Akwai masu rataye sabon rubutu a madafa ya sha hayaƙi, ko su shafe shi da ruwan shayi. Shinshina. Tsufa na gaskiya daga gefe yake cin falle, da kusurwar ƙasa inda yatsa ke juyawa, tsakiya takan fi haske. Wanda aka rina kuwa ko'ina launinsa ɗaya.

Yanzu ga ramin da na faɗa ina kamar shekarunka. Ƙarshen littafi, bayan "tammat", wani lokaci akan sami shekara, sau da yawa da ramzi, wato haruffa a madadin lamba. A lissafinmu na Magariba shinun dubu ne, ra ɗari biyu, sinun ɗari uku. In ramzi ya fara da shinun da ra, shekarun 1200 na Hijira ke nan, wato daga 1785 zuwa gaba. In shinun da sinun ne, an shiga 1300, daga 1882. Na taɓa samun wata waƙar wa'azi ta ajami da ramzin shinun da ra, jikina na rawa na zuba kuɗin da na tara na wata uku. Na kawo wa maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ko karanta ba, ya ɗaga ta ga ƙofa ya miƙo mini. Takardar inji ce fes. Shekarar da na gani ta mawallafin ce, ranar da ya gama waƙarsa, shi kuma mai kwafi ya kwafe har da ita, kamar yadda wanda ya kwafa daga gare shi zai yi. Sai maigida ya jawo liyari daga aljihu, irin na azurfa mai hoton matar nan Mariya Tareza da tsofaffi mata ke ratayawa, ya ce in karanta shekarar. Na ce 1780. Ya ce duk wanda zan gani a kasuwar nan 1780 ne, don a shekarar ta mutu, aka ci gaba da buga shi da wannan lamba har bayan an haife ni.

Duk wannan na duba jiya, kuma buhun yana da kaya. Akwai littattafai irin waɗanda kowane gidan malamai ke da su, Risala da Ishiriniya, waɗannan ba su da wuyar samu. Amma a tsakaninsu na ga wasiƙu guda uku masu hatimi, da wasu fallaye da aka cika gefensu da fassarar Hausa da ƙananan haruffa, hannu biyu dabam-dabam, da alama uba da ɗa. Irin wannan ake nema, domin babu na biyunsa a ko'ina.

Abin da ya hana ni tayi shi ne wanda ya shigar da mu. Ka lura ta ƙofar baya ya bi da mu, yana magana ƙasa-ƙasa? Ko arba'in ba a yi ba, matan suna cikin takaba, na kuma ji kukan yara ƙanana a ciki. Ba a raba gadon ba. Kafin a raba, sai an biya bashi an fitar da wasiyya, kuma kowane falle a buhun nan akwai haƙƙin matan da 'yan matan da marayun a cikinsa. Babban ɗa ba shi da ikon sallamawa shi kaɗai, ko da shi ya gaji buzun. Ban da haka, ɗakin malami ba duk abin da ke ciki ne nasa ba. Akwai na aro da ɗalibi ko aboki zai zo nema bayan an share makoki. Akwai na waƙafi, wanda za ka ga an rubuta a fallen farko ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Akwai kuma kundi, na asirai da hatimai da lissafin bashin mutane da sunayensu. Shi ko an tura maka kada ka ɗauka, ka ce su ba wanda ya yi karatu a cikinsu. Na taɓa sayen adaka guda a hannun wani ɗa irin na jiya. Bayan wata biyu sai ga sammaci, ƙannensa mata sun kai ƙara gaban alƙali. Na mayar da kaya, shi kuwa ya riga ya ci kuɗin, har yau ban ga ko kwabo ba, kuma shekara biyar ba wanda ya kira ni gida a unguwar. Araha ba ta ado.

Ranar da za mu koma, a zaure za a yi, gaban magada ko wakilinsu da malamin da ya raba. Zan faɗa musu abin da na gani, har wasiƙun, kafin in taya. In sun ce albarka, shi ke nan. Zan kuma gaya musu akwai inda ake adana irin waɗannan ko a ɗauki hotonsu a bar musu asalin: Arewa House da gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Kai kuma ka riƙe wannan, don masu zuwa da jaka suna tambayar "tsohon rubutu" sun yawaita: dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta sa abin da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi, fitar da shi waje ba izini laifi ne, cinikinsa ma akwai ƙa'ida. Duk wanda ya ce ka naɗe masa zai hau jirgi, turo shi wurina.

Kwalin da ka ture da ƙafa ma ba shara ba ce. Littattafan boko ne, kuma su sun fi sauƙin karantar shekaru. Dubi sunan maɗaba'a a ƙasan bango: in Literature Bureau ta Zariya ce, ta shekarun 1930 ce zuwa farkon 1940. Gaskiya Corporation daga 1945 take, NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta shekarun 1950 ce, NNPC kuwa, kamfanin ɗab'i na Arewa ba na man fetur ba, daga 1966. In farashin sule ne da sisi, an buga kafin naira ta zo a 1973. In ka ga ɗigo a ƙarƙashin k da d da b, ko alama a gefensu, maimakon lanƙwasa, ka kama shi da hannu biyu, ya girmi haruffan da aka koya maka a firamare. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, mutane sun ƙarar da su wajen ƙunshe ƙosai, shi ya sa cikakken kofe ke da mai nema. Kwabo mai huji da anini kuwa kada ka zuba kuɗi a kansu, kowace tsohuwa tana da gwangwani guda.

Abu ɗaya da ka yi jiya ya tsaya mini a rai. Ka zazzage fallayen a tabarma kana jera su bisa girma. Littafinmu ba ɗinki gare shi ba, kuma ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da shi ita ce kalmar nan guda da ake rubutawa a ƙasan bayan falle, wadda ita ce farkon falle na gaba. Yadda ka same su a buhu, haka za ka bar su, ko da a ganinka a hargitse suke, domin sau da yawa mai su ya san abin da ya sa ya ajiye wannan kusa da wancan. Ban da salatif, ban da leda don tana tara gumi ta kawo funfuna, ban da shanyawa a rana, ban da tsoma yatsa a baki. Inda gara ta yi gini, da busasshen burushi mai laushi ake bi a hankali.

Na bar wa ƙanin marigayin saƙo su ɗaga buhun daga ƙasa su ɗora a kan benci, don na ga sawun gara a jikin bangon kuma damina ta kusa. Gobe in ka buɗe shago, ɗauko gafakar nan baƙa ta saman kanta. Falle arba'in ne a ciki, na cakuɗa su da gangan. Ka ware mini na hannu da na bugu, sannan ka nemo mini inda wata ukun yake kafin azahar.