Filin Kiwo: Kajin ISA Brown sun haifi 'ya'yan da ba su gaje su ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jajayen kajin gidan gona guda 20, irin ISA Brown, da zakara ɗaya da ya biyo su. Na sa wa kazar Hausa ƙwansu ta ƙyanƙyashe, sai ga 'yan tsaki wasu ja wasu fari. Na ɗauka fararen duk zakaru ne na sayar, yanzu an ce mini wasunsu ƙwai suke yi. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kajinki lafiyarsu ƙalau. Bambance mace da namiji ta launi a irin waɗannan kaji sau ɗaya yake aiki, wato a haɗin farko da kamfani ya yi.

Kamfani yana haɗa jan zakara da farar kaza ta wata zuri'a ta musamman. A wajen kaji, uwa tana gadar da wannan launi ga 'ya'yanta maza kaɗai, matan kuma launin uba suke ɗauka. Shi ya sa ranar ƙyanƙyasa matan ke fitowa jajaye, mazan farare. Haka abin yake a baƙaƙen irin su Harco da Nera: uban jan zakara ne irin Rhode Island, uwar kuma kaza ce irin Plymouth Rock mai zane-zanen baƙi da fari. Duka tsakin baƙaƙe ne, amma namiji na da farin ɗigo a ka.

To zakaranki yana ɗauke da launi biyu, ja daga ubansa da fari daga uwarsa, kuma kowanne ɗa zai iya samun ko wanne. Kusan rabin matan za su fito farare, rabin mazan jajaye. Sai ki jira mako 5 zuwa 6, tukku da leɓatun namiji su fara girma su yi ja. Yawan ƙwai ma ba zai zo daidai ba: wata za ta kusa kamo uwarta, wata ta gaza sosai. Idan ƙwan sayarwa kike nema, shawararmu ki riƙa sayen sabbin tsaki daga amintacciyar maƙyanƙyasa. Akwai kuma Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika, Zariya, wadda aka samar don yanayinmu.

Idan na cin gida ne, ci gaba da ƙyanƙyasa ba laifi. Zakara ɗaya dai ya yi wa kaji 20 kaɗan, shi ke kawo baragurbi. A ba shi 8 zuwa 10. Kada ƙwan ya wuce kwana 7 a ajiye, a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Waɗannan kaji da wuya su yi kwanci, don haka kazar Hausa ta dace, amma ƙwai 8 zuwa 10 ya ishe ta saboda girmansu. Kwancin kwana 21 ne.

Tambaya: Kajina na gidan gona masu ƙwai sun kai mako 30, amma tun shigowar bazara ƙwai ya ragu, ɓawon kuma yana fashewa a hannu. Dusa da gero nake ba su. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, dusa da gero ba za su riƙe kazar da aka tsara ta yi ƙwai kusan 300 a shekara ba. Kowace tana buƙatar giram 110 zuwa 120 na abincin masu ƙwai kullum, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4. In ta rasa kalsiyam, daga ƙashinta take zarowa, har ƙafa ta gaza ɗaukarta. Ka ajiye dakakken ɓawon kawa a mazubi daban, su ci da yamma, domin da dare ake gina ɓawon ƙwai.

Zafi ma na da hannu. Da zarar ya haura digiri 30, kaza na rage ci tana haki, hakin kuma yana sa ɓawo ya yi laushi. Ka ba da abinci da asuba da kuma bayan la'asar, ka sauya ruwa mai sanyi da tsakar rana, ka shimfiɗa kara ko zana a kan kwanon akurki. A ƙara musu fitila da asuba ko bayan magariba har hasken yini ya kai awa 16.