Tambaya da Amsa: Mashayar giya a Beljiyam ga wanda ba ya sha

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na fara aiki a Brussels, kuma duk Juma'a abokan aiki kan gayyace ni wata 'yar ƙaramar mashaya da galibi giyar Beljiyam iri-iri take sayarwa. Ni ba na sha. In na bi su, yaya zan gane mai sa maye da wadda ba ta sa? — Wani ma'aikaci a Brussels

Amsa: Kada ka dogara da launi ko ɗanɗano, lambar da ke jikin kwalba ita ce shaida. Nemi adadin da ke kusa da alamar "% vol", shi ne yawan sinadarin maye.

Wadda ta fi ruɗin baƙo ita ce kriek. Ja ce wur, an jiƙa ta da 'ya'yan ceri, wasu ma an zuba musu zaƙi har ka ɗauka lemo ne, amma giya ce cikakkiya. Tushenta lambic, wadda ake barin ruwan sha'ir da alkama ya kwana a buɗe don yistin da ke cikin iska ya ruɓar da shi. Akwai kuma tafelbier, wato giyar cin abinci. Ƙarfinta kaɗan ne, amma akwai shi.

Rubutun "sans alcool" ko "alcoholvrij" ma bai isa ba, domin dokar Beljiyam ta yarda a sa shi a kan abin da ya kai kashi 0.5 cikin 100. Mai neman wadda aka cire sinadarin kusan gaba ɗaya sai ya ga "0.0". Ka roƙi a kawo kwalbar a buɗe ta a gabanka, don idan daga famfo aka zubo babu abin da za ka karanta. A ganinmu mafi kwanciyar hankali shi ne ruwan kwalba mai suna Spa: mai shuɗin tambari ba gas, mai jan tambari da gas. Kofi da shayi ma ana samu.

Ka lura da abinci. Farfesun naman sa da suke kira stoofvlees ko carbonnade da giya ake dafa shi, kuma dahuwa ba ta ƙone sinadarin duka. Farantin abin taɓawa yakan zo da cuku da salami, salamin kuwa yawanci naman alade ne.

Sai al'adar tournée, inda kowa ke saya wa teburi zagaye ɗaya. Faɗi abin da kake sha tun zagayen farko, in naka ya zo kuma zaɓi na hannunka. Ba za a yi mamaki ba: tun 2017 ake yin Tournée Minérale a ƙasar, inda mutane ke barin giya duk watan Fabrairu.

Tambaya: Malam, abokiyar karatuna ta sha kwalba biyu kacal ta kasa tsayuwa. Ko an zuba mata wani abu ne? — Wata ɗaliba a Leuven

Amsa: In kuna da wannan zargin, ku kira 112, lambar agajin gaggawa, ko ku kai ta asibiti nan take, 'yar uwa. Sai dai lissafi kaɗai ma na iya bayyana abin. Kofin pils (giyar da aka fi sha yau da kullum) na sentilita 25, mai kashi 5.2, yana ɗauke da kusan giram 10 na sinadarin maye. Kwalbar Westmalle Tripel ta sentilita 33, mai kashi 9.5, tana da kusan giram 25. Biyu ke nan sun kai kofin pils biyar. Rochefort 10 ta wuce kashi 11. Westmalle da Rochefort daga gidajen zuhudun Kirista na Trappist suke fitowa, kuma sukarin da ake ƙarawa wajen dafa su yana ɗaga ƙarfinsu ba tare da sun yi nauyi a baki ba, shi ya sa mai sha ba ya ankara. Duvel ma haka take, fara tas kamar pils, amma kashi 8.5 ce.

Wadda ta kai wannan hali kada a bar ta ita kaɗai, kada ta tuƙa mota ko keke. A kwantar da ita a gefe ɗaya, ba rigingine ba, don kada amai ya shaƙe ta.