Fatawa: Injin Mota Ya Gaji, A Sauke A Sabunta Ko A Rabu Da Ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da mota mai shan fetur, silinda huɗu, ta yi tafiyar kilomita wajen 280,000. Yanzu tana hayaƙi, tana shanye lita guda ta baƙin mai kafin a yi kilomita 800, kuma ba ta da ƙarfi a hawa. Makaniki ya ce sai an sauke injin an yi masa aiki gaba ɗaya, kuɗin da ya yanka kuwa ya kai rabin darajar motar. Wasu sun ce in sayi injin na hannu in ɗora, wasu sun ce in zuba mata mai mai kauri hayaƙin ya lafa in sayar. Shin kashe wannan kuɗi almubazzaranci ne? Kuma ya halatta in ci bashi mai ruwa don aikin? Da ita nake neman abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, gyaran abin hawa halal ne a asali, kuma yawan kuɗi shi kaɗai ba ya mayar da abu almubazzaranci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah yana ƙin abu uku gare mu: jita-jita, da yawan tambaya, da tozarta dukiya. Malamai sun bayyana tozarta dukiya da kashe ta inda babu amfanin addini ko na duniya, sun kuma shigar da barin ta a wulaƙance har ta lalace. Ke nan hanin ya shafi wanda ya zuba kuɗi a injin da ba zai tashi ba, ya kuma shafi wanda ya ga ƙaramin lahani ya yi ta jan mota har injin ya buga. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro idan za su ciyar. Amma ba a sanin inda tsakiyar take sai an san girman cutar, ga shi kuma a tambayarka ba ka ambaci awo ko ɗaya da aka yi wa injin ba. Daga nan ya kamata ka fara.

Hayaƙi da shan mai ba hujja ba ne cewa injin ya mutu. Idan hayaƙi mai shuɗi yana fitowa ne da safe in an tayar da mota, ko bayan ta daɗe tana aiki a tsaye, sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe mai yana tsiyaya ta sama, kuma wannan aikin kan injin ne kawai. Idan yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, zargi ya koma kan ringi, wato zobban da ke jikin fistin, da bangon silinda. Farin hayaƙi mai kauri tare da raguwar ruwan lagireto yana nuna gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ko tsagewar kan injin. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, ba ruwansa da tsufan ƙarfe. Akwai ma ɗan bawul da ke fitar da iskar cikin injin, wanda in ya toshe yake sa mota shan mai, alhali yana cikin mafi arahar kayan mota.

Ka nemi a yi awon matsi a gabanka. A ɗumama injin, a cire fulogi duka huɗun, a katse fetur da wuta, a taka totur har ƙasa, a ɗaura ma'auni a ramin fulogi a juya injin sau biyar ko shida, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Injin fetur mai lafiya yakan ba da tsakanin bar 10 zuwa 14 a ma'aunin matsi, gwargwadon ƙirarsa, kuma bai kamata tazarar silinda mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin ɗari da yawa ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo. In lambar ta tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone tsakaninsu. Bayan haka a auna ƙarfin mai da ma'auni na gaske lokacin da injin ya yi zafi, kada a dogara da fitilar gaban direba, don ita ba ta kamawa sai abu ya riga ya ɓaci. A juye man a duba: ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, tare da ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, alama ce metal, wato shimfiɗar ƙarfen da babbar sandar ƙasan injin ke juyawa a kai, ya cinye. Kuɗin wannan awo ba ɓarna ba ne ko kaɗan, shi ne mafi amfanin abin da za ka kashe a lamarin nan.

To, a ce awo ya tabbatar ƙasan injin ne ya gaji. Sai ka san abin da ake nufi da aiki gaba ɗaya, domin a nan ake yawan cutar mai mota. Silinda ba ta cinyewa daidai: ta fi lalacewa ta sama inda wuta take, kuma takan karkace daga da'ira ta koma kamar ƙwai. Wanda ya zuba sabon ringi a irin wannan rami bai yi komai ba, ringin ba zai zauna ba, bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo, an biya kuɗin sauke injin da ɗaure shi a banza. Wannan rabin aiki shi ne tozarta dukiya na sosai, ko da ya fi araha. Aikin ƙwarai shi ne a kai bulo, wato gangar jikin injin, wajen masu mashin su auna, in ya wuce iyakar da kamfanin ya sa a faɗaɗa ramin zuwa girma na gaba, yawanci milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin da ringi na wannan girman. Kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan injin, shi ma a auna shi, in ya yi zane a gurza shi a sa metal mai kaurin da ya dace, domin giɓin da mai ke bi tsakaninsu bai wuce kamar milimita 0.02 zuwa 0.06 ba. A duba ko kan injin ya lanƙwashe a daidaita fuskarsa, a gyara mazaunin bawul, a sauya gasket da robobi duka, da famfon mai, da bel ko sarƙar tayimin da abin ɗame ta, da famfon ruwa. Injuna da yawa kusoshin kansu miƙewa suke yi in an ɗaure, ba a maimaita su. Wasu injunan alminiyom kuma bangon silindarsu shafe ne mara kauri, ba a faɗaɗa su yadda aka saba, sai a tambaya tun kafin a kwance. Abin da ya kashe injin tun farko, ko toshewar lagireto ne ko fanka ko matatar iska, in ba a gyara shi ba zai kashe sabon aikin.

Lissafin kuwa, kada ka sa abin da ka riga ka kashe wa motar a baya, wannan ya wuce. Mu ƙaddara darajarta in tana lafiya kashi 100 ce, yadda take yanzu kuma, in ka faɗi aibinta, za a saya 55. Makaniki ya ce 50, ka ƙara 10 saboda abin da ba a gani sai an buɗe, ya zama 60. In niyyarka ka gyara ka sayar, ka kashe 60 don ka ƙara mata 45, ka yi asara, sayar da ita a haka ya fi. In kuwa riƙe ta za ka yi, awon ya sauya: ko dai ka biya 60 ka sami injin da ka san cikinsa, ko ka sayar ka cika 45 ka sayi irinta wadda ba ka san abin da ke cikin nata injin ba. A nan gyaran yana da fuska mai ƙarfi, da sharaɗin sauran motar lafiya take. Ka sa a duba giya, da tsatsar ƙasan bodi, da ƙafafu, da birki, da wayoyin wuta. In waɗannan ma suna jiran wani kashi 30, ka kusa sayen motar sau biyu, sai ka haƙura. Ka lissafa kuma kwanakin da za ta yi a gareji ba ka samun komai, tunda da ita kake ci.

Injin na hannu halal ne saye da sayarwa, sai dai Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba. Injin da ke ajiye a ƙasa ba a ganin cikinsa, don haka a rage duhun iyakar iyawa: a juya shi da sifana a ji ba ya cijewa, a buɗe murfin sama a ga ko mai ya daskare ya yi baƙi, a duba fulogi, a tabbatar lambar ƙirarsa da na'urorinsa sun dace da kwamfutar motarka. Mafi muhimmanci, ka sa sharaɗin zaɓi, wato damar mayar da shi, na kwanaki sanannu bayan an ɗora, a kuma faɗi wanda zai ɗauki kuɗin saukewa in bai yi ba. Malaman Malikiyya sun auna tsawon zaɓi da gwargwadon abin da ake buƙata don gwada kaya, kamar wata guda a gida da kwana uku a dabba, injin ma sai a ba shi abin da ya ishi gwajinsa. Ka nemi shaidar inda aka samo shi, don sayen abin da ka san ko ka rinjayar na sata ne haramun ne.

Tsakaninka da makaniki ijara ce, wato aiki a kan lada, ita kuma ba ta inganta sai an san aikin an san ladan. Tunda ba a sanin girman ɓarnar sai an buɗe, ku raba yarjejeniyar biyu. Ta farko: saukewa, kwancewa da aunawa, a kan lada sananne, wanda za ka biya ko ka ci gaba ko ka fasa. Ta biyu bayan an ga awo: a rubuta kowane kaya da sunan kamfaninsa, sabo ne ko na hannu, da kuɗin mashin, da kuɗin aiki, da ranar gamawa. In shi ke sayar maka da kayan, yana da damar cin riba a farashin da kuka yarda. In kuwa aiken sa ka yi da kuɗinka, wakili ne, haramun ne ya ƙara wa farashi a ɓoye ko ya sayo na jabu ya riƙe canji. Tsofaffin kayan da aka cire naka ne sai ka yafe. A mazhabar Malik, mai sana'ar da ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki yana lamunce abin da aka bar masa a bayan idon mai shi, sai in ya kawo shaidar ya salwanta ba da sakacinsa ba. Haka in ya ɓata da kuskuren hannunsa, kamar ya juya fistin baibai, ko ya saɓa tayimin bawul ya daki fistin, ko ya ɗaure kan injin da kintace, ba tare da sifana mai auna ƙarfi ba, gyaran yana wuyansa. Ya halatta ku yi sharaɗin in hayaƙi ko ƙwanƙwasa ya dawo cikin watanni ko kilomita kaza zai sake aikin, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kai ma da naka: kilomita 1,000 na farko ba gudu mai tsanani, ba lodi mai nauyi, sannan a juye mai a sauya matata, don garin ƙarfen da sabon ringi ya goge yana ciki. In ka saɓa, ba ka da bakin neman lamuni. In ya gama kuma ka biya shi ba jan rai.

Shawarar zuba mai mai kauri don hayaƙi ya lafa ka sayar, wannan haramun ce, babu saɓani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce: wanda ya yi algus ba ya tare da ni, Muslim ya ruwaito. Ibn Majah kuma ya ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Cewa "ga ta nan yadda ka gan ta" ba ya wanke ka daga aibin da ka sani ka ɓoye, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar maka in ya gano. Faɗa masa za ka yi a fili: tana shan lita guda a kilomita 800, ga abin da awo ya nuna. In kuma ka yi aikin sannan ka sayar, kada ka kira shi sabon injin, ka faɗi abin da aka sauya da girman da aka faɗaɗa.

Bashi mai ruwa bai halatta ba, aya ta 275 a Suratul Baƙara ta yanke magana, kuma buƙatar gyaran mota ba ta kai larurar da ke halatta haram ba matuƙar akwai wata ƙofa. Ka nemi rance mara ƙari, ko ka sayi kayan bashi a hannun mai su a kan farashi guda da aka tsayar tun farko, ko da ya ɗara na kuɗi hannu, wannan ciniki ne da jumhurun malamai suka halatta muddin ba a ƙara komai in an yi jinkiri. Ku rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta umarta.

Kafin ka yanke shawara kada ka bar man ya yi ƙasa da alama ko sau ɗaya, ka riƙa duba shi kowace safiya, domin injin da ake iya sabuntawa yau, in ya bushe konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ya fasa bulo, ya tashi daga aiki. In ƙwanƙwasa ta fara, ko hayaƙin ya kai yana rufe wa na bayanka gani, ko tana mutuwa a tsakiyar hanya da fasinja a ciki, ajiye ta ya zama wajibi har a gyara, saboda hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Ka yi awon, ka nemi ra'ayin makaniki na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba, ka yi istihara. In giya da bodi suka fito lafiya, kashe rabin darajarta a cikakken aiki ya halatta gare ka babu karhanci.

Allah ne mafi sani.