Amsa ga ɗan ƙanena kan tambayar da ake fara yi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce duk lokacin da ka kai matsala wurin manyanka a ofis, kafin su saurare ka sai sun ce ka buɗe taminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ka faɗa musu wane Linux ne, kuma wace siga, har kana ganin ja maka rai suke yi. Ba haka ba ne. Mu ma haka muka tarar, kuma da dalili.

Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, rassa ne da yawa. Baƙo ba ya faɗawa gida sai ya yi sallama ya san na wane ne. A Debian da Ubuntu da apt ake saka manhaja, a Fedora da Rocky kuwa dnf ne. Manhajar Apache ta ɗaukar shafukan intanet, a Debian da Ubuntu sunanta apache2, a Fedora da Rocky httpd. Wanda ya ba ka shawara bai san inda kake ba, cutar da kai zai yi.

Fara da cat /etc/os-release. Masu systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan na'ura, ne suka kawo wannan fayil, kafin nan kowane reshe da inda yake ajiye sunansa. Duba layin VERSION_ID. Idan ka ga Ubuntu 22.04, to ta fito a Afrilun 2022 ke nan, shekara ce da wata. Irin waɗannan na LTS, wato masu dogon tallafi, shekara biyar ake kula da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin CentOS 7, wani reshen Linux, an daina yi mata gyaran tsaro tun 30 ga Yunin 2024, amma har yanzu akwai sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, da ke tafiya a kanta, masu su ba su sani ba.

Inda matasa suka fi ruɗewa shi ne uname -r. Lambar kenel, wato zuciyar Linux, yake bayarwa, ba ta reshen ba. Cikin kwantenar Docker ma, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, ta uwar na'urar zai nuna maka. Haka /etc/debian_version, a Ubuntu 22.04 za ka ga bookworm/sid, kada ka ɗauka Debian ce. Shi kuwa lsb_release -a yana da kyau, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba.

Gobe ka haɗa da uname -m don a san ƙirar na'urar, x86_64 ce ko aarch64, ka kwafi amsar yadda ta fito, ka sa a saman tambayarka tun kafin a nema. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.