Gwajin jini zai iya maye gurbin ɗibar tsoka wajen gano ciwon daji?

Tambaya daga Argungu: Likita, mahaifiyata tana da ƙullutu a nono, an ce sai an ɗebi tsokarsa a duba. Dangi sun hana, wai idan ƙarfe ya taɓa daji bazuwa yake yi. Na karanta cewa ana gano daji daga wasu 'yan jakunkuna da ke yawo a jini, kuma wani mai ɗakin gwaji ya ce zai yi mana. Mu jira wannan?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, kada ku jira. Jakunkunan gaskiya ne, ƙanana daga cikinsu ba su wuce nanomita 30 zuwa 150 ba (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), kuma suna ɗauke da furotin da RNA (sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado) na ƙwayar halittar jikin da ta sake su. Matsalar ita ce lafiyayyun ƙwayoyi ma suna sakinsu, mafi yawan waɗanda ke cikin jini daga ƙwayoyin jinin kansu suke, na daji kuwa 'yan kaɗan ne. A 2015 an sa rai sosai a kan furotin glypican-1 da ke jikin jakunkunan wajen gano dajin pankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi), amma binciken da ya biyo baya bai ba da sakamako iri ɗaya ba. Ko gwajin ExoDx mai duba jakunkunan nan don dajin furostet (wata gaɓa a ƙasan mafitsarar maza) da ake yi a Amurka da fitsari ake yinsa, kuma aikinsa taimaka wa likita ya yanke ko za a ɗebi tsoka. Mai ɗakin gwajin nan kuɗinku zai ci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar ƙarfe, wadda kullum nake ji. Allurar ɗibar tsoka ba ta baza daji. Abin da ke faruwa shi ne a ɓoye ƙullutu shekara guda ana shafa masa rubutu da saiwa, sai ya fashe yana wari, hamata ta kumbura, sannan a kawo mara lafiya. Idan ta rasu sai a ɗora wa allura, alhali ciwon ya riga ya kai huhu ko ƙashi. Kuma ba tare da tsokar nan ba, ba za mu san ko dajin mai bin sinadarin estrogen ne da maganin tamoxifen zai yi wa aiki ba, ko mai yawan furotin HER2 ne, wanda maganinsa daban ne, ko ma ba daji ba ne, domin ƙullutu da yawa ba daji ba ne.

Ki samu kawunnanki ki yi musu wannan bayani, a kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi cikin makon nan. Idan an buƙaci gasa dajin da na'ura (radiotherapy), za a tura ku Sakkwato.