Ina Ya Kamata a Nufa Idan Za a Yi Yawon Buɗe Ido a Kwarin Kogi?

Tambaya: Malam, ni da iyalina muna son mu bi kwarin wani kogi a lokacin hutu. Waɗanne irin wurare ne suka cancanci a tsaya a gani?

Amsa: Kafin ka zaɓi wuri, fara sanin wane sashe na kogin za ka bi, domin kogi ɗaya kamanninsa na canzawa daga sashe zuwa sashe. Can sama kusa da mafari ƙasa tana da gangare, ruwa na gudu da ƙarfi yana cin dutse. Nan aka fi samun magangarar ruwa da kwazazzabai, ko da yake akan same su nesa da mafari ma. Magangarar Victoria a kogin Zambezi, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, faɗinta ya kai kusan mita 1,700, kuma ruwan na faɗowa daga tsayin sama da mita 100. Babban kwazazzabon Grand Canyon na Amurka kuwa kogin Kolorado ne ya haƙa shi, tsawon kilomita 446.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ɗauki hoto su juya, a ganina kuwa sun bar mafi daɗin tafiyar a baya. Idan kogi ya sauko fili sai ya rage gudu, ya riƙa lanƙwasa. Wani lokaci ambaliya ta yanke masa gajeriyar hanya, tsohuwar lanƙwasar ta rage a gefe ta zama tafki. Waɗannan tafkuna da fadamun da ke kewaye da su nan ne matattarar zalɓe, gauraka, agwagin ruwa da tsuntsayen da ke ƙaura daga wata nahiya zuwa wata. Saboda irin waɗannan wurare aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a Iran a 1971. Ku fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi tsuntsayen su watse.

Mahaɗar koguna ma abin kallo ce. Kusa da Manaus a Brazil, baƙin ruwan Rio Negro da ruwan Solimões mai launin ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kusan kilomita 6 ba su gauraya ba.

Sai batun lokaci, wanda kan ruɗi baƙo. Cikar kogi tana bin ruwan da aka yi a mafarinsa ne. Fadamar Okavango a Botswana tana cika tsakanin Yuni da Agusta, ana tsakiyar rani a can, domin ruwan daga Angola yake gangarowa a hankali.

Tunda da yara za ku tafi, kada ku kafa tanti a busasshen kwazazzabo, ruwa na iya saukowa alhali sama garau take a inda kuke. Ku guji gaɓar da ke gefen waje na lanƙwasar kogi, ita ruwa ke ci ta ƙasa har ta rufta. A ƙasashe masu zafi kwantaccen ruwa na iya ɗauke da tsargiya, kuma kafin ku shiga kwalekwale ku tambayi masu kula da wurin ko akwai kada ko dorina.